Buhun da Ke Ƙofar Gidanmu

Lahadi, 25 ga Maris, 1979, bayan La'asar

In ban rubuta ba zan fashe. Wa zan gaya wa? Inna kuka take yi, 'yata Sailuba yarinya ce, mijina kuwa in abu ya dame shi bakinsa mutuwa yake yi.

Da hantsi masu kaki suka shigo lungunmu, tare da wani mutumin kamfani mai hular kwano yana nuna musu gidaje. Siminti suke nema, mai shuɗin layi a jikin buhu. Duk gidan da suka same shi sai su fito da maigidan su kwantar da shi a rana. Na leƙa ta zaure na ga mijin Talatu maƙwabciyata ana ba shi gindin bindiga har ya daina kare kansa. Sai aka jawo Ɗantala. Ƙanena, wanda na goya da zanena. Suka ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar guga, wani ya take masa baki da takalmi, wallahi daga inda nake na ji ƙarar haƙori. Hular da na ɗinka masa da Sallah, mai zaren kore da ja, ta faɗa kwata. Inna ce ta tsamo ta bayan motar ta tafi da su.

Sun shigo namu gidan ma. Suka duba ɗaki, suka duba madafa, har bayi suka leƙa. Ƙasa ce ko'ina. Mai hular kwanon ya tambaya, "Wai nan gidan magini ne?" Da aka ce masa e, sai ya fito ƙofar gida, a gaban idon kowa, ya dafa kafaɗar Malam, mijina, yana dariya yana cewa, "Gud man! Gud man!"

Gara ma da ya mare shi.

Litinin, da safe

Malam Ladan. A takarda dai ina iya kiran sunansa, ba mai jin kunyata.

Tun da aka ɗauke sunan garinmu aka kai wa sabon babban birnin da ake ginawa a daji, aka ce mu zama Suleja, manyan motoci ba su daina wucewa da kayan gini ba. In sun zo hawan da ke kusa da Zuma sukan rage gudu, buhuna kuma sukan faɗo, wai da kansu. Ɗantala ne ke tsinta ya sayar da araha. Ɗan faɗuwa ake ce wa simintin. Da shi lungun nan kaf ya yi ado, wannan ya daɓe tsakar gida, wancan ya shafe katanga, har masu kajin da ba su da hatsi sun yi wa akurki filasta. Mu kaɗai muka rage da jar ƙasa, kuma mu ne gidan magini.

Mutumin nan abin da ba ya yi ya fi abin da yake yi yawa. Ba ya sayen komai daga bayan mota. Ba ya saye a hannun mutumin da ke waiwaye. In rana ta faɗi ko ashana ba ya saye, wai sai ya ga fuskar mai sayarwa. Takalmin gwanjo kuwa ko kyauta, ya ce bai san ƙafar da ta fita daga ciki ba. In aka kira shi aiki ya ga buhu mai shuɗin layi, sai ya goge cokalinsa ya sa a jaka ya ce a nemi wani. Na sha yi masa tsiya, in ce Malam ruwan saman nan ma ka tambaye shi rasit kafin mu tara. Sai ya yi ɗan murmushin nan nasa mai ban haushi.

Sau ɗaya ya taɓa gaya mini dalili. Yana yaro babansa ya sayi babbar riga a bakin hanya, ya sa ta ranar Juma'a. A ƙofar masallaci mai rigar ya gane ta, aka tuɓe tsohon a gabansa, ya koma gida da ɗan wando yana riƙe da hannun ɗansa. Na ji tausayi da ya faɗa. Amma riga daban, siminti daban, kuma tsohon ya daɗe a ƙasa.

Talata, da hantsi

Na yi faɗa a famfo. Ni malamar makaranta, da nake hana yara dambe.

Na yi sallama ba wadda ta amsa. Na ajiye bokitina a layi, Talatu ta sa ƙafa ta ture shi.

"Matar gud man," ta ce. "Ku je kamfani su ba ku ruwa mana."

Na ce, "Talatu, ƙanena ma yana can tare da mijinki."

"Shi ya sa abin ya fi muni. Wanda ya sayar da surukinsa wa zai bari?"

Ban san lokacin da na ɗaga bokitin ba. Bakinsa ya tsaga mata gira, jini ya rufe mata ido, ita kuma ta kama kunnena ta fizge ɗan kunnen har da nama. Mata suka taru a kaina, mai tsintsiya, mai murfin tukunya. Na dawo gida ba ruwa, ba ɗankwali. Malam ya dubi kunnen ya ɗauko gishiri da ruwan ɗumi. Ban yi nadama ba, in sake samunta zan ƙara mata.

Laraba, bayan Magariba

Jifa a kan kwanon ɗaki tun da aka idar da salla. Sailuba ta shige ƙarƙashin gado. Ita kaɗai ta tsaya mana cikin uku da na haifa, kuma ga ta tana toshe kunne a gidan ubanta.

Alhamis, da rana

Hedimasta ya ce in ɗan huta a gida har ƙura ta lafa. Bai kalle ni ba da yake faɗa. Shi ma tsakar gidansa sumul take.

Juma'a, bayan an sauko

Akuyar Sailuba. Mun same ta a bakin kwata, an sare ƙafafunta na baya, tana jan jiki da na gaba tana neman ƙofar gida. Malam ya yanka ta don ta huta. Na ce a dafa, ya ce shi ba zai ci ba, ni ma da na ɗora tukunyar sai na kasa. Na gaya wa yarinyar kura ce. Ta ce, "Umma, kura tana da adda?"

Asabar, da hantsi

Alhaji Isiyaku mai tifa ya zo. Shi ne babba a lungun nan, kuma ba wanda bai san motar wa ke kwaso ɗan faɗuwa daga Zuma ba, amma shi ba a taɓa shi ba. Ya zo da lebura ɗauke da buhu a ka, aka sauke shi daidai bakin zaurenmu, shuɗin layin yana kallon hanya. Ina bayan ƙofa ina ji.

"Ladan, kyauta na kawo maka."

"Na gode, Alhaji. Allah ya saka. Amma ka san hali."

"Na san hali, shi ya sa na zo da kaina. Mutane suna magana. Sun ce gidan da ba a sami komai ba, shi ya kira su. Ni ban ce kai ne ba. Amma ka shigar da wannan, ka shafe ko bakin murhu ne, kowa ya gani. In kana da shi muna da shi, ai ba mai kai ƙarar wani. Shi ke nan a zauna lafiya."

"Alhaji, ban kira kowa ba. Ina iya dafa Alƙur'ani."

"Ba rantsuwa ake nema ba, ɗan'uwa. Buhu ɗaya ne."

"Yana da mai shi, Alhaji."

Alhaji ya ce, "To, yana nan. Ba zan ɗauka ba. In ka yi tunani, ƙofarka ce." Ya kaɗe riga ya tafi.

Wannan Alhajin fa ba ya karɓar goro da aka miƙo da hagu, ba ya barin a tayar da motarsa ranar Juma'a kafin salla. Talatu ba ta sayen gishiri da dare ko miya za ta lalace. Kowa a lungun nan yana da abin da ba ya yi, ba wanda ya sare masa akuya a kai. Na mijina ne kawai ya tsone musu ido, don nasa yana sa su tuna abin da suka yi.

Duk da haka buhu ɗaya ne. Buhu ɗaya!

Lahadi, bayan Azahar

Na roƙe shi. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan nan.

Na ce, "Malam, ba saye ka yi ba. Ba ka kai kuɗinka ba. Ajiye maka aka yi."

"In na shigar, na saya. Da tsoro na biya."

"To ka biya da tsoron! Ni ina da shi da yawa, in ba ka rance."

"Daso."

"Kada ka Daso ni! Babanka riga aka tuɓe masa, ya koma gida da ƙafarsa. Kai fatarka za su tuɓe. Ka dubi yarinyar nan, rabonta da barcin kirki tun yaushe?"

Ya ce in ya shigar yau, gobe da wane ido zai hana Sailuba ɗaukar abin da ba nata ba. Na ce sai tana da rai za ta ɗauka. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin tuwonsa, ni kuwa na fizge akushin na maka shi a bango. Miya ta bi jar ƙasar tana gangarowa. Ya tashi ya tattara tuwon daga ƙasa ya kai wa kaji. Na tsane shi a lokacin, Allah ya gani, kuma ina son sa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Litinin, da safe

Buhun yana nan.

Talata, da yamma

Yana nan. Yara sun zana masa ido da gawayi.

Laraba, 4 ga Afrilu, bayan La'asar

Na yi abin da na ga ya dace. Da ya fita aiki Kwamba, na ɗaura zane na kama kunnen buhun na ja shi cikin zaure. Da gangan na yi shi a hankali don a gani. An kuwa gani. Kafin azahar matar Alhaji ta aiko da ƙosai, wata ta yi mini sannu ta kan katanga. Ba jifa. Na ji iska ta shiga ƙirjina, har na yi wa Sailuba kitso.

Ya dawo ana shirin La'asar, maza sun cika dakalin Alhaji. Ya tsaya a zaure ya dubi buhun, ya dube ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye jakarsa, ya sunkuya ya saɓa shi a kafaɗa, ya fita. Na riƙe rigarsa har ta yage. Ya kai shi daidai inda aka ajiye shi ya sake shi, gindin buhun ya fashe, ƙura ta tashi. Sannan ya juya ya yi wa mutanen dakali sallama, kamar ba abin da ya faru.

Ba wanda ya amsa. Alhaji ya tashi ya shiga gida.

Da can kyauta ce da ba a ɗauka ba, ana iya cewa mutum yana tunani. Yanzu kyauta ce da ta shiga gida aka fito da ita a gaban jama'a aka yar. Ko almuru ba a yi ba aka aiko karɓar kwanon ƙosai. Ni na jawo wannan, da hannuna biyu.

Alhamis

Ba jifa. Shirun ya fi jifan ban tsoro.

Asabar, da hantsi

An sako su. Na ruga gidan Inna ko mayafi ban yafa daidai ba. Ɗantala yana kwance a kan tabarma, bakinsa ya kumbura, haƙoran gaba babu, bayansa duk sawun bulala. Inna ta ajiye masa hularsa a gefen matashi, ta wanke ta tas. Na taɓa ƙafarsa na ce sannu, ya janye.

"Yaya, a can sun san sunana, sun san inda nake ajiyewa. Wa ya gaya musu?"

"Ba shi ba ne."

"Na ji har ya yar da kyautar Alhaji."

"Haka yake, ka san shi. Kai ma ya taɓa saye a hannunka?"

"Bai taɓa ba. Kullum kallona yake kamar kashi." Ya juya fuska bango. "Ki tafi, Yaya. Ki ce masa ina gaishe shi."

Inna ta raka ni zaure tana cewa in kwaso yarinya in dawo gida kwana biyu. Na ce in bar Malam da wa?

Litinin, da safe

Na ce kada ya fita aiki. Ya ce ya yi wa mai gini alkawarin gama katanga, kuma shi bai taɓa saɓa ranar aiki ba. Wannan ma yana cikin abubuwan da ba ya yi.

Talata, 10 ga Afrilu

Sun

Talata, bayan Isha

Ba zan iya ba yau.

Laraba, da rana

Bamidele direban tasi ne ya kawo Malam gida jiya, Allah ya biya shi. Bai san mu ba, wucewa yake ta Kwamba ya ga leburori suna gudu daga wani kango. Wani lebura ya gaya masa maharan su huɗu ne ko biyar, sun rufe fuska da rawani, da rana tsaka. Suka kwantar da shi a kan yashi, biyu suka zauna a bayansa, ɗaya ya miƙe masa hannu a kan bulo ya danne, ɗaya ya ɗaga guduma. Dama tukuna, sannan hagu. Ya ce Malam bai yi ihu ba sai a na biyun.

Da na gan shi a kujerar baya ban gane hannuwan ba. Kamar an daka rogo a cikin tsumma.

Bamidele yana ta cewa, "Sori, madam, sori. Wannan mutane ba Allah a zuciya." Da zai tafi ya miƙo mini wani abu daga aljihu. "Na samu wannan a wurin, kusa da bulo. Na maigida ne, ko?"

Hula ce. Zaren kore da ja. A bayanta akwai inda na kuskure ƙirga na cike da zaren da bai dace ba, na ce ai ba mai lura.

Na ce masa e, tasa ce, na gode.

Laraba, bayan La'asar

Maɗori ya zo. Maza uku ake buƙata su riƙe mutum, ba ko ɗaya a lungun nan da ya leƙo. Ni na zauna a ƙirjinsa, Bamidele da ya dawo dubiya ya riƙe ƙafafu. Da tsohon ya fara jan yatsun, Malam ya ciji zanena har ya huda, ya suma, ya farfaɗo, ya sake suma. Na tura Sailuba bayan gida ta riƙa karanta Ƙulhuwallahu da ƙarfi. Ina jin muryarta tana sakewa daga farko.

Na tambayi Malam ko ya ga fuskar wani. Ya ce a'a. Ya faɗa da sauri, kuma bai kalle ni ba. Mutumin da ba ya ƙarya.

Hular tana ƙasan adakata.

Alhamis, da safe

Ni ke ba shi abinci a baki. Ni ke yi masa alwala. Ni ke kai shi bayi. Ya ce in rufe idona, na ce shekara nawa.

Inna ta aiko a tambayi jiki. Ita kaɗai.

Juma'a, da yamma

Ruwan farko, da iska da ƙanƙara. Katangar bayan gida ta jiƙe ta zube ta gefen madafa, wadda yake cewa zai yaɓe kafin damina. Yana kwance yana jin faɗuwarta. Yanzu duk mai wucewa ta baya yana ganin tukwanena.

Asabar

Ruwa kuma. Buhun yana nan.

Lahadi, bayan Azahar

Ashe ba su ƙoshi ba. Ta inda katangar ta faɗi aka jefo dutsen. Sailuba tana wanke kwanoni. Ya same ta a goshi, sama da ido kaɗan, ta faɗi cikin ruwan wanke-wanke ba ko kuka. Na ɗauke ta jini yana bin hannuna har gwiwa. Na fita da taɓarya ina zagin uwar kowa da uban kowa, na bi lungun daga farko har ƙarshe ina dukan ƙofofi. Ba wanda ya buɗe. Na fasa tulun da ke ƙofar Alhaji, na fasa fitilar tifarsa, na tsaya ina jira a fito a kashe ni. Ba wanda ya fito.

An yi mata ɗinki a asibiti. Ido ya tsira.

Litinin, 16 ga Afrilu, da hantsi

Ya kira ni. Sailuba tana barci a gefensa da farin bandeji, shi kuma hannuwansa biyu a ɗaure da kara a kan ƙirjinsa.

"Daso."

"Na'am, Malam."

"Ki shigo da shi."

Na yi kamar ban gane ba. Ya ce, "Buhun. Ki shigo da shi, ki kwaɓa, ki shafe bakin murhu. Ki bar ƙofa a buɗe su gani." Hawaye yana bin gefen idonsa yana shiga kunne, ba hannun sharewa. Makonni ina roƙon wannan magana, da ta zo sai na ji kamar an mutu a gidan.

Na fita. Mutane suna dakali. Na kama kunnen buhun na ja, takardar ta biyo hannuna a ruɓe. Abin da ke ciki ya sha ruwa ya daskare. Ta gindin da ya fashe ya kama ƙasa ya zama ɗaya da ita. Na tura da ƙafa, na sa kafaɗa, na kawo taɓarya na buga har ta tsage. Ko gezau. Ga shi nan da siffar buhu, har da sawun ninkin takarda, amma dutse ne.

Na koma na gaya masa. Sai ya ce, "Ai haka siminti yake. Ba ya jira." Daga nan ya juya kai, ni kuma na fita na zauna a madafa.

Laraba, da yamma

Shiru. Ba jifa tun ranar Lahadi.

Juma'a, bayan an sauko

Wata magana tana yawo. Wai wani magatakardan sito na kamfanin ne, an hana shi kasonsa ya fusata ya kai sunaye. Wasu sun ce direba ne. Wai ya gudu garinsu. Ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani, yau mutum uku sun yi wa zaurenmu sallama, ciki har da wanda ban taɓa jin muryarsa ba tun watan jiya.

Asabar, da rana

Matar Alhaji ta aiko da farfesun kaza. Talatu ta aiko da kunu, wai a ba mai jiki. Na mayar da su yadda suka zo, ko murfi ban ɗaga ba. Malam ya ce mayar da abinci ba kyau. Na ce wa ya koya mini?

Na daina sayen komai a lungun nan. Gishiri, kalanzir, daddawa, gara in taka har kasuwa a rana.

Talata, da safe

Maɗori ya kwance ya duba. Hagu za ta yi daɗi, in Allah ya so. Dama kuwa yatsu uku sun ƙage, ya ce za ta riƙe carbi amma ban da cokalin gini. A gabansa ya faɗa. Malam ya ce alhamdu lillahi. Ni ban ce ba, Allah ya yafe mini.

Alhamis, 26 ga Afrilu, bayan Azahar

Da safe na fara gyaran katanga. Na haƙo ƙasa, na zuba ruwa da ciyawa, na shiga da ƙafa ina kwaɓawa, shi yana zaune a tabarma yana ba da umarni. Wai ruwa ya yi yawa. Wai tubalina kamar ƙwallon dawo. Har ya yi dariya, karon farko.

Sai na ji ƙarar baro a ƙofar gida, da ƙarar ƙarfe a kan dutse. Na fita da laka har gwiwa.

Shi ne. Kansa ba hula. Ya rame. Yana tsugune a gaban buhun da guduma a hannu.

"Yaya, ina kwana."

Na tsaya ina kallon gudumar.

"Alhaji ne ya ce a fasa a kwashe. Wai yana tare hanya, mutane suna tuntuɓe. Na ce ni zan yi." Yana magana iska tana fita ta gurbin haƙoran. "Yaya, yaya mai jiki?"

Na ce, "Wannan gudumar, ita ce, ko wata ce?"

Ya dube ta kamar yanzu ya fara ganinta. Ya sake ta ta faɗi. Mutanen dakali duk suna kallo, Alhaji yana cikinsu yana jan carbi.

Na shiga ɗaki na buɗe adaka na fito da hular. Ya miƙo hannu, ya zaci shi zan ba. Na ɗora ta a kan buhun, na danna ta ta zauna daidai.

"Ba mai taɓa shi," na ce, da ƙarfi don dakali ya ji. "Kyauta ce aka kawo mana. Ba mu shigar ba, ba kuma za a ɗauke ba. Nan zai zauna."

Daga cikin gida Malam ya ɗaga murya. Ashe yana ji. "Daso, ki bar yaron ya kwashe. Ya wuce. Ni na yafe."

"Ka yafe naka, Malam."

"Daso, don Allah."

Na ce, "Shekara goma sha ina zaune da abubuwan da ba ka yi, ban taɓa samun nawa ba. Yau na samu ɗaya. Ka bar mini."

Ɗantala kuwa ya durƙusa a wurin yana kuka kamar ranar da aka yaye shi, yana cewa Yaya, Yaya. Da can in ya yi haka nakan ɗauke shi. Na koma cikin lakata, ƙasa tana bushewa.

Juma'a, bayan an sauko

Hanyar masallaci ta ƙofarmu ta bi, ba wata. Na tsaya a zaure na ga wucewarsu, manya da yara, da fararen riguna. Kowa ya zo wurin sai ya ratse ya bi ta bakin kwata yana tattare riga. Alhaji ma haka.

Katanga ta kai ƙuguna. Malam ya riƙe kofi da hagu yau, rabin ruwan ya zube.

Lahadi, da safe

An yi ruwa jiya. Buhun yana nan, hular tana kai. Koren ya fara zuba cikin jan.